Desmond Mai Harsuna Bakwai

Mijin yayata, Desmond Pocklington, ya taɓa yin aikin wata goma sha ɗaya a jirgin ruwan da ke ƙetarar da mutane zuwa Holan, shekara arba'in da suka wuce. Aikinsa kwashe faranti ne a ɗakin cin abinci. In jirgin ya isa can awa uku yake yi ya juyo, kuma ba a barin masu kwashe faranti su sauka. Da wannan ilimin ya zama masanin ƙasashen Turai na tsallaken teku a garinmu Gedby da ke Birtaniya, har yake cewa yana jin harsuna bakwai. In ka ce ya lissafa, sai ya kawo shida, ya ce na bakwan ba shi da suna da Turanci.

Da aka sa ranar ƙuri'ar raba gardama kan ko Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai ko ta zauna, garin ya rabu biyu, 'yan a-fita da 'yan a-zauna. Desmond ya yi kwana huɗu bai ɗauki ɓangare ba, yana cewa yana nazari. Ashe jira yake ya ga inda Clifford Harness mahauci zai faɗa. Shi da Clifford ba sa ga-maciji tun suna firamare, kan wani dalili da su kansu sun manta. Ranar da Clifford ya manna takardar a-fita a gilashin shagonsa, a ranar nazarin Desmond ya kammala.

Ranar Lahadi muna cin gasasshen nama da dankali a gidansu ya ajiye cokali ya ce, "Maureen, Glenda, ku saurara. Mako uku kawai nake buƙata. Ranar ƙuri'a in aka sami mutum goma a Gedby da suka zaɓi fita, ku canja mini suna."

Yaya Maureen ta ce, "Miƙo mini gishiri."

Na ce, "Wane suna kake so mu tanada maka?"

"Ke dai ki zuba ido, ƙanwata. Mutanen nan ba su taɓa jin bayani daga bakin wanda ya ga Turai da idonsa ba."

"Ta taga," in ji Yaya.

Ya fara da motarsa, tsohuwar farar mota mai ɗaukar kaya da yake kai takin lambu da ita. Ya ce zai mayar da ita tutar Tarayya mai tafiya. Ya ɗauko ragowar shuɗin fentin da aka yi wa banɗakinsu ya shafe ta tas, har da rabin madubi. Sannan ya hau zana taurari da ruwan ɗorawa, ya ce ashirin da takwas zai yi, kowace ƙasa da nata. Na ce masa taurari goma sha biyu ne a tutar. Ya ce wannan tsohuwar tuta ce, shi ta cikin gida ya sani. A na goma sha tara wuri ya ƙare, ya matse biyu a kan murfin tankin mai, ya ce sauran ƙananan ƙasashe ne, ba za su ji haushi ba.

Fitarsa ta farko, maƙwabciyarsu Misis Elsom, tsohuwa mai shekara tamanin, ta tsayar da shi da sandarta ta ce ya ba ta askirim guda biyu, ɗaya ba cakulan.

"Gwaggo, ba askirim nake sayarwa ba. Makomar ƙasa ce."

"To in ta yi sanyi ka kawo mini."

Washegari aka yi ruwa, irin na watan Yuni mai wuni yana zuba. Fentin banɗaki bai san da zaman ruwan sama ba. Shuɗi da ɗorawa suka gauraye suka gangaro, motar ta koma koriya shar. Ya faka ta gaban shagon Clifford da gangan, shi kuwa ya fito yana goge hannu a rigar aikinsa, ya zagaye ta sau ɗaya.

"Desmond, na yaba. Wannan ne karon farko da ka yi wa garin nan tallan abin da yake nomawa. Kabeji ne ko latas?"

"Jahilci ne ke damunka, Clifford. Kore alamar bege ce a Beljiyam."

"Ka gaishe su in ka leƙa ta taga."

Mataki na biyu shi ne bi gida-gida. Ya sa kwat da hula, ya rataya jaka cike da takardu. Gidan farko na Mista Tointon ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda tun farko ɗan a-zauna ne, har da takarda a tagarsa. Desmond ya shiga da ƙarfe goma don ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya yi masa bayanin yadda ake jera cokula a Holan, da yadda wani kyaftin ya taɓa neman shawararsa kan hazo. Ƙarfe ɗaya saura ya fito. Kafin ya kai bakin titi Mista Tointon ya ɓamɓare takardar tagar, da yamma kuma aka gan shi a shagon Clifford yana karɓar ta a-fita.

Na tambaye shi dalili a layin gidan burodi. Ya ce, "Glenda, ni ban san komai game da kasuwar bai-ɗaya ba. Amma in Turai cike take da irin mijin yayarki, gara a sa teku tsakani, a ƙara faɗinsa."

Cikin kwana biyar Desmond ya shiga gida goma sha huɗu. Misis Odling, tsohuwar shugabar makaranta da ke jagorantar 'yan a-zauna, ta zo gidansu da kek a hannu, ta roƙe shi don girman Allah ya huta, ya bar wa matasa. Ta ce in ma ya ga dama ya je ya taya Clifford yaƙin, ita ba za ta riƙe shi a zuciya ba. Bayan ta tafi ya yanki kek ɗin ya ce, "Kun gani ko? Hassada ta fara. Daga cikin gida ake fara jin zafin mai nasara."

Sai ya sayo lasifika. Ya ɗaure ta a kan koriyar motar da igiyar shanya, ya sa Yaya ta zauna gefensa don a ga iyali na goyon baya. Ranar Laraba ce, ranar kasuwa, ina tsaye gaban mai kifi sai ga muryarsa ta cika dandalin. Ya yi jawabi kan zaman lafiya da cinikin tumatir, ya rufe da wata kalma da ya ce gaisuwar Italiya ce. Ba wanda ya ɗaga kai. Motar ta tsaya a danja, muka ji ƙarar ajiye abin magana. Ajiye shi ya yi, bai kashe ba.

"Dube su, Maureen," in ji lasifikar. "Kawunansu da kabejin da suke nomawa ba bambanci, sai dai shi kabeji ana miya da shi."

Mai kifi ya tsaya da wuƙa a hannu. Kasuwa ta yi tsit.

"Ga Clifford can, tumbi kamar an hura balan-balan. Naman da yake niƙawa rabi burodi ne, kowa ya sani. Ga Misis Odling, ita da akuya ba ka san wa ya fi taurin kai ba."

Sai muryar Yaya, a sanyaye kamar tana kicin ɗinta: "Ka shafa maganin basir ɗin da safe?"

"Na manta."

"Shi ya sa kake ta mutsu-mutsu a kujera. Likita ya ce sau biyu a rana."

Na jefar da kifin da na saya na ruga ina ɗaga hannu. Desmond ya hango ni, ya ɗaga mini hannu shi ma cikin fara'a, ya ce, "Ga Glenda can tana tsalle kamar kaza. Kin ga wadda ba ta sami miji ba har yau, amma bakinta ya fi na kowa tsawo." Daga nan na daina gudu. Na koma na ɗauki kifina, na bar shi ya zagaya dandalin sau biyu.

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara yi masa gardamar siyasa. Duk wanda ya gamu da shi sai ya rage murya ya ce, "Desmond, ya jikin? Ana dai shafawa?" A mashaya wani ya ajiye masa matashi a kan kujerarsa. Shi kuwa ya ce mana wannan duk alama ce ta cewa saƙonsa ya shiga kowane gida.

Saura muhawara. Rabaran Tapsell ya shirya ta a zauren coci ranar Asabar da ƙarfe biyu, mutum ɗaya daga kowane ɓangare. Misis Odling ce ya kamata ta yi magana, amma Desmond ya riga ta zuwa wurin Rabaran ya ce ta wakilta shi saboda ciwon maƙogwaro. Ita ba ta san tana da ciwon ba sai da ta gani a allon sanarwa.

Ana jibi muhawara ya shigo da murna ya ce ya samo makamin da zai gama da Clifford. Wata 'yar Poland ya tare a tashar bas, mai suna Bozena. Za ta hau dandamali ta yi magana da harshensu, shi kuma ya fassara wa jama'a nan take.

"Baiwar Allah, ba ta jin Turanci sosai," in ji shi. "Na yi mata magana a hankali, da hannu da komai. Na ce kar ta wahalar da kanta, ta yi yarenta kawai, ni zan ji da sauran. Kallona kawai take yi, ta rasa bakin godiya."

Ni da Yaya mun san Bozena sarai. Shekararta goma sha ɗaya tana aiki a gidan kula da tsofaffi na bayan coci. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta ce, "Dabara ce mai kyau, maigida. Ƙara shayi?"

Ranar Asabar zauren ya cika har ana tsayuwa. Ni ce mai shayi, na jera kofunan coci a dogon tebur mai naɗewa a gindin dandamali. Can baya kuma mutanen Poland ne kusan talatin, masu aiki a masana'antar wanke kayan lambu, sun zo da rigunan aikinsu saboda labari ya kai musu.

Clifford ya fara. Ya yi minti ashirin kan layin asibiti, da kifin tekunmu da baƙi ke kwashewa, da wasu mutane a Brussels, hedkwatar Tarayyar, da bai san sunansu ba amma ya tabbata sun tsane shi. Ya ce a mayar mana da ƙasarmu. Wani daga tsakiya ya tambaye shi wa ya ɗauke ta, ya ce za a gani bayan ƙuri'a. Aka tafa masa sosai.

Desmond ya miƙe. Wata murya ta ce, "A hankali dai, kar a fama." Ya yi kamar bai ji ba. Ya gai da jama'a da harsuna bakwai, wanda a kunnena kalma ɗaya ce yake canja mata fuska. Sannan ya miƙa hannu ya kira Bozena, yana jan sunan kamar mai kiran kyanwa.

Ta hau, mace mai kimanin shekara hamsin, da rigar aikinta shuɗiya da jaka a kafaɗa. Ta dubi jama'a ta yi magana da harshensu, jimla uku ko huɗu, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Desmond ya lumshe ido yana gyaɗa kai. "Ta ce, ya ku mutanen Gedby masu karamci, Birtaniya da Turai uwa ɗaya uba ɗaya ne, kuma raba su zai sa ta kuka."

Can baya aka fara ƙyaƙyatawa.

"Dariyar murna ce," in ji Desmond. "Haka suke yi a can in magana ta taɓa musu zuciya. Ci gaba, baiwar Allah."

Ta ci gaba, wannan karon da ɗan tsawo, har tana nuna shi da yatsa.

"Ta ce ba ta taɓa ganin ɗan Birtaniya mai fahimtar al'adunsu kamar wannan bawan Allah da ke gabanku ba. Ni ba na son yabon kai, amma aikin tafinta amana ne, dole in faɗa yadda ta faɗa."

Wani ƙato a baya ya kife kansa a kafaɗar na kusa da shi, dariya ta ci ƙarfinsa. Bozena ta juyo ta fuskanci Desmond, ta yi masa wata gajeriyar tambaya, ta tsaya tana jira. Kalma ɗaya tak ya sani a harshen, wadda ke nufin e. Ya dafa ƙirji ya faɗe ta sau uku da ƙarfi.

Wannan karon mutanen baya ba su yi dariya ba. Rabaran Tapsell ya gyara tabarau ya ce, "Misis Bozena, ko akwai wanda zai taimaka mana da abin da kika tambaya?"

"Ba sai an taimaka ba, Rabaran, zan faɗa da kaina," in ji ta, da Turancin Gedby tsantsa, irin na masu sayar da dankali a kasuwa. "Da farko na karanto yadda ake miyar kabeji ne. A yanka shi ƙanana, a sa albasa, kar a cika ruwa. Na biyu na ce mutumin nan ya tsare ni a tasha yana yi mini ihu a fuska da hannuwa kamar mai korar ƙuda, har bas ta wuce ni, na taka mil biyu a ƙasa bayan aikin awa goma sha biyu."

Desmond ya ce, "To, ai kusan ma'anar ke nan, in aka duba…"

"Na uku na tambaye shi, kai ne ɗan Misis Pocklington ta ɗaki na tara a gidan tsofaffi, wanda bai leƙo ta ba tun Kirsimeti? Ya ce e, e, e. Nan dai ya fassara daidai." Ta gyara jakarta. "Ni nake mata wanka, ni nake yanke mata farce. Kullum in na buɗe ƙofa sai ta ce, Desmond ne? In ce a'a Mama, ni ce dai."

Clifford ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Ta juya kansa.

"Kai kuma Clifford, me ya ba ka dariya? Shekara takwas mijina ke buɗe maka shago tun asuba yana sarar ƙashi, kai kana gaba kana wasa da kwastomomi. Jiya ka dafa shi ka ce, ba da ku nake ba, da sauran nake. Ga sauran can a baya. Tashi ka nuna mini wanda kake nufi, in gaya maka kayan gonar wa yake wankewa."

Clifford ya duba baya, ya duba takalmansa. Bai nuna kowa ba.

"Ni ba ni da ƙuri'a," in ji ta. "Ku za ku jefa ranar Alhamis, ni da 'ya'yana mu wayi gari da abin da kuka jefa. Ku zaɓi abin da kuka ga dama, ƙasarku ce. Amma kafin nan da ɗayanku ya tambaye ni ra'ayina da Turanci, da na gaya masa." Ta duba agogo. "Ƙarfe huɗu nake karɓar aiki. Glenda, a ajiye mini kek."

Ta sauka ta fita, mutanen baya suka bi ta.

Kowa ya zaci Desmond zai zauna. Sai ya matso bakin dandamali ya ɗaga hannu. "Jama'a, a yi mini adalci. Matar nan yaren ƙauye take yi. Ni na babban birni na koya, na jami'a. Kowane masani zai gaya muku bambancin…" Yana magana yana ja da baya don ya nuna a taswirar da ya rataya, ya juyo, ya taka inda babu katako. Teburin shayina ne ya tare shi, ya naɗe da shi a ciki kamar littafi. Kofuna arba'in na coci, da tulun madara, da kek ɗin Misis Odling, duk suka bi shi ƙasa. Misis Elsom ta leƙo kansa da sandarta ta ce, "Wannan faɗuwar zaune ka yi ta, ɗana. Yau sai ka shafa sau uku."

Ranar Alhamis aka jefa ƙuri'a. A Gedby mutum uku cikin huɗu suka zaɓi fita, ƙasar ma ta fita. Desmond ya ce ba don shi ba da huɗu cikin huɗu ne.

Ranar Lahadi Yaya ta ɗauki mukullin mota ta ce ya sa takalmi. Bai tambayi inda za a je ba. Na bi su, don ba a barina a baya a irin wannan.

Mahaifiyarsa na zaune a kujera gefen taga a ɗaki na tara, shekararta casa'in da ɗaya, kunnenta ya yi nauyi, muryar Bozena kaɗai take kamawa. Bozena na taje mata gashi. Tsohuwar ta ƙare wa ɗanta kallo daga sama har ƙasa.

"Wane ne wannan mai tumbin?"

"Desmond ne, Mama," in ji Bozena a kunnenta.

"Me ya zo sayarwa?"

Desmond ya gyara murya. Ya ce harkokin ƙasa ne suka sha masa kai, an ɗora masa nauyin yaƙin neman ƙuri'a na yankin gaba ɗaya, mutum irinsa ba shi da lokacin kansa, kuma tarihi zai nuna wanda ya yi gaskiya. Ya yi kusan minti biyar. Tsohuwar tana kallon bakinsa yana motsi, ta juya ga Bozena.

"Me yake cewa?"

Bozena ta sunkuya. "Ya ce ki yafe masa, Mama. Ya ce daga yau kowace Lahadi zai zo, ya zauna har ki gaji da shi."

"Ni ban ce…" in ji Desmond.

"Fassara ce, maigida," in ji Yaya. "Ka fi kowa sanin yadda ake yinta."

Tsohuwar ta miƙo hannu ta kamo hannun rigarsa, ta jawo shi ya zauna a bakin gado, ba ta sake shi ba.

"To ka riƙa zuwa da biskit," in ji ta. "Ba irin na Kirsimeti ba. Wancan ko kare bai ci ba."